Ranar da Aka Sa wa Kolumbus Mari: Me Ya Kayar da Gwamnan Hisfaniyola?

A ranar 23 ga Agusta, 1500, jiragen ruwa biyu daga Sifaniya suka iso gaɓar Santo Domingo, a tsibirin Hisfaniyola, wanda a yau ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba a tsakaninsu. A cikin ɗaya akwai Faransisko de Bobadiya, babban jami'i a ƙungiyar mayaƙan Kalatiraba, ɗauke da takardun Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela. Tun kafin ya taka ƙasa idonsa ya faɗa kan katakon rataya a bakin ruwa, gawarwakin Sifaniyawa na reto. Aka shaida masa cewa mutum bakwai aka rataye a makon, wasu biyar kuma suna kurkuku suna jiran nasu. An aiko shi ne ya binciki abin da ake ta faɗi a fada game da mulkin Kiristofa Kolumbus, sai ga shi gani ya kori ji.

Ba a yi wata biyu ba, mutumin da aka yi wa tarbar girma a Basalona shekara bakwai da suka wuce, bayan tafiyarsa ta farko ta ƙetare teku, ya hau jirgi zuwa gida da mari a ƙafa, shi da ƙannensa biyu, Bartolome da Diyego.

Ana ba da wannan labari ta fuska biyu. Masoyansa na cewa gwarzo ne da mahassada suka yi wa ƙulli, sarakuna kuma suka saka masa da butulci. Masu sukarsa a zamanin nan na cewa azzalumi ne da asirinsa ya tonu, shari'a ta kama shi saboda abin da ya yi wa mutanen da ya tarar a tsibirin, wato Taino. Kowace fuska na da ƙamshin gaskiya, amma idan mutum ya bi abin daki-daki zai ga wani abu mai ɗaci fiye da haka. Zaluncin da aka yi wa Taino ƙaramin kaso ne a cikin abin da ya kayar da shi. Abubuwan da suka fi nauyi su ne: ya taɓa Sifaniyawa, zinariyar da ya yi alkawari ba ta zo ba, sannan yarjejeniyar da sarakuna suka sa wa hannu da shi ta zama ƙaya a maƙogwaronsu.

Daga yarjejeniyar ya kamata a faro. A ranar 2 ga Janairu, 1492, Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗa hannun Fadinan da Isabela. Bayan wata uku da rabi, ranar 17 ga Afrilu, a garin Santa Fe da aka gina a matsayin sansanin yaƙin kewaye Garnada, aka amince wa wannan baƙo ɗan birnin Jenowa na Italiya da abin da ya nema. Zai zama Adimiral na Teku, wato babban kwamandan ruwa, kuma wakilin sarki da gwamna a duk ƙasar da ya gano, tare da alkawarin zuriyarsa za ta gaji girman. Zai karɓi ushirin duk dukiyar da aka samu, zinariya ce ko lu'ulu'u ko kayan yaji. Yana kuma da damar zuba kashi ɗaya cikin takwas na jarin kowace tafiya ya kwashi kashi ɗaya cikin takwas na riba. Wannan kyauta ce mai girman gaske, kuma dalilin da ya sa aka yi ta cikin sauƙi a bayyane yake: jirage uku ne kacal za a tura, masanan fada sun riga sun ce lissafin nisan da ya yi na isa Asiya ta hanyar yamma kuskure ne, don haka alkawarin ushirin abin da ba a san akwai shi ba bai ci wa kowa kuɗi ba. Da aka wayi gari akwai ƙasa a can, da mutane, da alamun zinariya, sai takardar ta canja nauyi.

Akwai kuma saɓani tun daga tushe a kan irin abin da za a kafa. Kolumbus ya koyi sana'ar teku a wurin mutanen Fotugal, ya kuma taɓa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma har ganuwar Elmina da suka gina a 1482, a ƙasar Gana ta yau. Can ya ga yadda ake yi: ganuwa guda a bakin teku, ma'aikata masu karɓar albashi, zinariya na zuwa daga cikin ƙasa ta hannun fatake, riba kuma ta sarki ce da wanda ya ba izini. Abin da ya so ya maimaita ke nan. Sai dai Elmina ta tarar da tsohuwar kasuwar zinariya da ta daɗe tana ci, da fatake da hanyoyinsu. Hisfaniyola ba ta da wannan. Taino manoma ne masu noman rogo da dankali da masara, zinariyarsu 'yar kaɗan ce da suke tsinta a rafi su yi ado. Su kuwa Sifaniyawan da suka biyo shi, tarbiyyar yaƙin Andalus gare su, inda wanda ya ci gari yake samun gona da ganima da mutanen da za su yi masa aiki. Babu wanda ya tsallaka teku don ya zama lebura a kamfanin wani ɗan Italiya.

Tafiya ta biyu ta tashi a Satumba 1493 da jirage 17 da mutane sama da 1,000. Da suka isa, suka tarar da sansanin Nabidad, inda ya bar mutum 39 bayan jirginsa Santa Mariya ya farfashe a ƙarshen 1492, ya zama toka, babu ko mutum ɗaya da rai. Aka kafa sabon gari, Isabela, a wuri mara kyau. Ciwo ya shigo, abinci ya yi ƙaranci, Kolumbus ya riƙe mabuɗin rumbu yana auna wa mutane da mudu, ya kuma tilasta wa 'ya'yan manyan gida ɗaukar dutse da haƙa magudana, wanda ya ƙi a rage masa abinci ko a yi masa bulala. A idon ɗan sarautar Kastil, masarautar Isabela, na wancan lokaci, wannan cin mutunci ne da ba a yafewa, balle ya fito daga baƙo ɗan masaƙi. Kafin 1494 ta ƙare, babban limamin tafiyar, Barnardo Buyil, da kwamandan sojoji, Fedro Margarit, suka hau jirgi suka koma Sifaniya ba da izininsa ba, suka kai ƙara cewa babu zinariya, akwai yunwa, gwamna kuma mai taurin kai ne. A 1495 fada ta aiko Huwan Aguwado ya duba. Wato shekara biyar kafin Bobadiya, sarakuna sun riga sun fara shakka.

Shi kuwa Kolumbus yana sane da cewa komai nasa ya rataya ne a kan ya nuna riba. Wannan matsin ne ya sauke a kan Taino, kuma a nan ne laifinsa mafi girma yake. A Fabrairu 1495 aka kama mutane masu yawa, aka zaɓi kimanin 500 aka loda a jirage zuwa kasuwar bayi ta Sifaniya. Wajen 200 sun mutu a hanya aka jefa su teku. A watan Maris aka yi yaƙin Bega Riyal, inda dawaki da karnuka da bindigogi suka tarwatsa mutanen da makamansu kulake ne da kibau. Sarkin Taino Kawunabo, wanda ake zargi da ƙona Nabidad, Alonso de Oheda ya kama shi ta hanyar yaudara, ya mutu a tsare a kan hanyar kai shi Sifaniya. Daga nan aka ɗora haraji: duk wanda ya haura shekara 14 a yankunan zinariya zai kawo garin zinariya cike da 'yar ƙararrawar da ake ɗaura wa shaho a ƙafa, duk bayan wata uku. Wanda ke nesa da zinariya ya kawo auduga. Wanda ya biya a rataya masa alamar ƙarfe a wuya, wanda aka gani babu alama a hukunta shi. Zinariyar da ke rafukan ba ta kai a cika wannan awo ba. Mutane suka bar gonaki suka gudu duwatsu, yunwa ta bi su can.

Duk wannan bai cire shi daga kujera ba. Ya koma Sifaniya a 1496, ya kare kansa, aka sabunta masa muƙamansa, aka ba shi jirage na tafiya ta uku. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu inda ma'aunin fada yake.

A bayansa ya bar ƙanensa Bartolome, mutum mai zafin hannu, wanda ya kafa Santo Domingo a kudancin tsibirin. A 1497 Faransisko Roldan, wanda Kolumbus da kansa ya naɗa babban alƙali, ya yi tawaye. Kukansa mai sauƙin fahimta ne ga mayunwata: ga baƙi 'yan gida ɗaya sun riƙe abinci da albashi da zinariya, mu kuwa muna mutuwa. Ya ja mutanensa zuwa Haraguwa a yammacin tsibirin, suka zauna a ƙauyukan Taino suna cin gumin mutane suna ɗaukar matansu. Kolumbus ya baro Sifaniya a ƙarshen Mayu 1498, ya bi ta Tirinidad da mashigin Fariya, ya ga bakin kogin Orinoko, wato gaɓar nahiyar Amurka ta Kudu, sannan ya iso Santo Domingo a ƙarshen Agusta da ciwon gaɓɓai da ciwon ido. Ya tarar ba shi da isassun mutanen da zai yaƙi Roldan da su. Sai ya yi sulhu a 1499, sulhun da ya fi kama da miƙa wuya: aka mayar wa Roldan muƙaminsa, aka yafe wa 'yan tawaye, aka raba musu filaye haɗe da mutanen da za su noma musu. Wannan rabo na mutane shi ne iri na tsarin da daga baya ya bazu a duk ƙasashen da Sifaniya ta mallaka, inda ake damƙa wa Bature guda ƙauye sukutum. Sulhun ya kashe wutar Roldan, kuɗinsa kuma Taino ne suka biya.

Sulhun ya kuma koya wa sauran cewa tawaye na da riba. Sabbin rigingimu suka taso, na Adiriyan de Muhika da Harnando de Gebara, kuma a wannan karon Kolumbus da ƙannensa suka juya ga igiya. Gwamnan da jiya ya durƙusa wa mai ƙarfi, yau yana rataye marasa ƙarfi ba tare da cikakkiyar shari'a ba. Gawarwakin da Bobadiya ya gani daga wannan zagayen suka fito.

A can gida kuwa ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsa. Ɗansa Farnando, wanda a lokacin yaro ne mai hidima a fada tare da yayansa Diyego, ya rubuta daga baya cewa mutanen da suka dawo daga tsibirin ba a biya su albashi ba sukan taru a harabar fadar Alhamra, in sarki ya fito su kewaye shi suna ihun a biya su, in sun hangi yaran kuma su bi su da gori, suna kiransu 'ya'yan Adimiral na sauro wanda ya gano ƙasar banza da yaudara. A 1499 jiragen Basko da Gama suka dawo Lisbon daga Indiya ta gaskiya, da kayan yaji na gaskiya, alhali Kolumbus na ci gaba da rantsuwa cewa yana gefen Asiya. A wannan shekarar Bishop Fonseka, mai kula da harkokin sabbin ƙasashe, ya fara ba wasu izinin tafiya, ciki har da Oheda wanda Amerigo Besfuchi ya raka. Keɓantaccen haƙƙin Kolumbus ya fara tsagewa tun kafin a taɓa shi.

Batun bayi ma ya shigo, amma ta wata ƙofa ta daban. Tun 1495 sarakuna sun dakatar da sayar da Taino har malaman addini da na shari'a su ba da fatawa. Duk da haka a 1498 Kolumbus ya rubuto yana lissafin cewa za a iya sayar da bayi 4,000, sannan ya ba mutanen da ke komawa gida bayi a matsayin sallama. Las Kasas, limamin da ya shafe rayuwarsa yana rubuta abin da aka yi wa mutanen waɗannan ƙasashe, ya ruwaito cewa sarauniya ta fusata, tana tambayar wa ya ba Adimiral ikon raba talakawanta ga wani. A Yuni 1500 aka ba da umarnin a tattara waɗanda aka samu a mayar da su gida, wasunsu ma a jiragen Bobadiya suka koma. Ba na raina wannan umarni, domin ya kuɓutar da mutane na gaske. Amma a lura da kalmar da ta fito daga bakinta: talakawanta. Tausayi na ciki, sai dai gardamar ta mallaka ce. Talakan sarauniya haraji yake biya wa sarauniya, bawan da aka sayar kuwa kuɗinsa aljihun wani yake shiga.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Kolumbus da kansa ya roƙi a aiko masa da masanin shari'a ya taimaka wajen hukunta 'yan tawaye. Sarakuna suka amsa, amma da hannu biyu. A 1499 suka ba Bobadiya takardar bincike, suka kuma ba shi wata ta naɗi a matsayin gwamna, da umarnin a miƙa masa ganuwoyi da makamai. Suka riƙe shi sama da shekara kafin su sake shi ya tafi, a daidai lokacin da hankalinsu ke kan boren Musulmin Garnada da aka fara tilasta wa shiga Kiristanci. Wanda aka ba ikon bincikar mutum, aka kuma ce in ya same shi da laifi kujerar tasa ce, ba sai an tambaya ina hukuncinsa zai karkata ba.

Da Bobadiya ya sauka, Diyego ƙanen Kolumbus ne kawai a gari. Kolumbus na cikin ƙasa, Bartolome na Haraguwa yana farautar 'yan tawaye. Bobadiya ya nemi a miƙa masa fursunoni, Diyego ya ƙi, yana cewa ikon yayansa ya fi nasa. Sai Bobadiya ya sa aka karanta takardunsa a bainar jama'a, ya yi alkawarin biyan bashin albashi, jama'a suka koma bayansa, ya fasa ganuwa ya shiga. Ya tare a gidan Kolumbus, ya ƙwace takardunsa da dukiyarsa, ya shelanta cewa kowa na iya haƙar zinariya har shekara 20 da ragin kason da ake ba sarauta. A watan Satumba Kolumbus ya shigo gari ba tare da faɗa ba. Las Kasas ya ce da aka zo sa masa mari kowa ya noƙe saboda kwarjininsa, sai kukunsa, wani mai suna Esfinosa, ya fito ya ɗaura. Ya kuma ce ranar da Alonso de Bayeho ya zo fitar da shi daga kurkuku, Kolumbus ya ɗauka wurin kisa za a kai shi, sai da Bayeho ya rantse masa cewa jirgi za su hau.

Shekaru ɗari biyar ana jin wannan labari galibi daga bakin ɗansa da Las Kasas, wanda duk da sukar da yake yi wa bautar da Taino yana ganin girman Kolumbus. Takardar binciken Bobadiya ta ɓace. Sai a 2005 wata ma'aikaciyar taskar tarihi ta Simankas a Sifaniya, Isabel Agire, ta ci karo da kwafinta, masaniyar tarihi Konsuwelo Barela ta yi nazarinta aka buga a 2006. Shaidu sama da 20 ne suka yi magana, an kuma tambaye su abu uku: ko Kolumbus ya yi yunƙurin tara mutane ya yaƙi Bobadiya, ko ya hana a yi wa Taino baftisma, da yadda yake yanke hukunci. Abin da ke ciki yana tayar da hankali. An ba da labarin mutumin da ya saci hatsi aka yanke masa kunnuwa da hanci aka sayar da shi. An ba da na matar da ta ce Kolumbus ɗan talakawa ne, Bartolome ya sa aka zagaya gari da ita tsirara a kan alfadari, aka yanke mata harshe, yayansa kuma ya yaba masa da kare mutuncin gida. Wasu shaidun sun ce ana hana baftisma sai da izinin gwamna, domin wanda ya zama Kirista ba a iya sayar da shi.

Yaya za a auna wannan takarda? Mai binciken yana da buƙata, shaidu da yawa suna da ƙulli a zuciya, wasu tsofaffin 'yan tawaye ne da hannunsu ke jiƙe da jinin Taino. Wannan gaskiya ne kuma dole a faɗa. Amma a cikin shaidun akwai mutanen Kolumbus na kusa, labaran sun yi daidai da juna a wurare da dama, kuma sun yi daidai da ƙorafin Buyil da Margarit na shekara shida kafin nan. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin tambayoyin kansu. Mafi yawan zaluncin da aka tattara shaida a kai, wanda aka yi wa Turawa ne. Harajin ƙararrawa, da ɗaruruwan da aka jefa teku, da ƙauyukan da yunwa ta share, ba su ne ginshiƙin tuhuma ba. Inda Taino suka shigo sosai shi ne batun baftisma, wato inda aka taɓa hujjar da Fafaroma ya dogara da ita a 1493 ya ba Sifaniya waɗannan ƙasashe.

Jirgin da ya ɗauki Kolumbus ya tashi a farkon Oktoba 1500. Kyaftin ɗin ya nemi cire masa mari da suka shiga teku, Kolumbus ya ƙi, ya ce da sunan sarakuna aka sa, su kaɗai za su cire. Ya san abin da yake yi. Da ya sauka a Kadis a ƙarshen Nuwamba cikin sarƙa, mutane suka ji kunya a madadin ƙasarsu. Ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga Huwana de la Tore, wadda ta yi renon yarima kuma take da kunnen sarauniya. Hujjarsa a ciki ita ce ana yi masa shari'a kamar gwamnan da aka tura Sisili ko wani birni mai tsayayyar doka, alhali shi kwamanda ne da aka tura ya ci mutane masu yawa da yaƙi. A ganina da wannan kariya ya yanke wa kansa hukunci, domin ya amsa cewa mulkin yaƙi yake yi, su kuwa sarakuna mai gudanarwa suke nema yanzu. A cikin wasiƙar, yana kukan lalacewar mazauna tsibirin, ya ambaci cewa akwai dillalai masu neman 'yan mata 'yan shekara tara zuwa goma. Shi ne gwamnan wurin da hakan ke faruwa.

A watan Disamba sarakuna suka ba da umarnin a sake shi, suka aika masa da kuɗin guzuri, suka karɓe shi a Garnada ranar 17 ga wata. Suka nuna ba da yawunsu aka wulaƙanta shi ba. Suka yi alkawarin mayar masa da dukiyarsa, kuma sun mayar, har da izinin ya tura wakili ya karɓo masa kasonsa na zinariya. Sunan Adimiral ma ya zauna. Abu ɗaya ne bai dawo ba har ya mutu: mulki. A nan ne ainihin lamarin ya fito fili. Fadinan da Isabela sun shafe shekaru suna karya ƙarfin manyan gidajen Kastil, suna mayar da iko hannun jami'an da za su iya naɗawa su tuɓe. Ba zai yiwu su bar nahiya guda ta zama gadon gidan mutum ɗaya ba. Ko da Kolumbus ya kasance adali, da wuya yarjejeniyar Santa Fe ta rayu. Muguntar mulkinsa ta ba su dalili mai kyau, gaggawar Bobadiya ta ɗauke musu nauyin aikata abin da hannunsu. Mai karatu a Najeriya zai gane salon: a 1886 Ingila ta ba kamfanin Royal Niger na ɗan kasuwa Goldi izinin mulki a yankin kogin Neja lokacin da gwamnati ba ta son kashe kuɗinta, da harka ta yi girma sai ta soke izinin, ta biya diyya, ta karɓi ƙasar daga 1 ga Janairu, 1900. Ɗan kasada ya share hanya, sarauta ta zo ta zauna.

An naɗa Nikolas de Obando a 1501, ya maye gurbin Bobadiya. Ya tashi a Fabrairu 1502 da jirage kimanin 30 da mutane wajen 2,500, cikinsu har da saurayi Las Kasas. A 1503 aka kafa ofishin kasuwancin sabbin ƙasashe a Sebil, komai ya koma ƙarƙashin alƙalamin fada. Kolumbus kuwa jirage huɗu aka ba shi a Mayu 1502, da gargaɗin kada ya tsaya a Santo Domingo. Ya tsaya duk da haka a ƙarshen Yuni, yana neman mafaka, yana gargaɗin cewa mahaukaciyar guguwa na tafe, kada ayarin da ke shirin komawa Sifaniya ya fita. Obando ya hana shi shiga, ayari ya fita, guguwa ta same su. Jirage kusan 20 suka nutse da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da Bobadiya da sarkin Taino Guwariyoneks da ake kaiwa a ɗaure. Ƙaramin jirgin da ya isa Sifaniya shi ne mai ɗauke da zinariyar Kolumbus, har maƙiyansa suka ce tsafi ya yi.

Sauran tafiyar wahala ce zalla. Tsutsotsin ruwa suka cinye jiragensa, ya maƙale a Jamaika daga Yuni 1503 har shekara guda. Wani mutuminsa, Diyego Mendes, ya tsallaka zuwa Hisfaniyola a kwalekwale neman taimako, Obando ya yi ta jan ƙafa wata da watanni. A Jamaika ne Kolumbus ya yi amfani da lissafin husufin wata na 29 ga Fabrairu, 1504, ya tsorata mutanen wurin don su ci gaba da kawo abinci. Ya koma Sifaniya a Nuwamba 1504, Isabela ta rasu ranar 26 ga watan, ya rasa mai saurarensa. Ya mutu a Bayadolid ranar 20 ga Mayu, 1506. Maganar cewa a tsiyace ya mutu ba ta da tushe, yana da dukiya da barori. Abin da ya cinye shi shi ne bin fada da kundin takardun haƙƙoƙinsa yana neman a cika alkawarin 1492. Ɗansa Farnando ya ce ya ajiye marin nan a ɗakinsa, ya kuma so a binne shi da shi. Babban ɗansa Diyego, wanda ya auri 'yar babban gidan sarautar Alba, ya samu gwamnan tsibirin a 1509, shari'ar gidan da sarauta kuma ta ja har 1536, inda Luwis, jikan Kolumbus, ya haƙura da wakilcin sarki da ushiri ya karɓi sarautar Beraguwa da Jamaika da kuɗin shekara.

Su kuwa Taino, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bobadiya ya sakar wa mazauna mara, aka tura mutane ramukan zinariya fiye da da. Obando ya mayar da rabon mutane doka. A 1503 ya je Haraguwa, inda sarauniya Anakawona, matar marigayi Kawunabo, ta tarbe shi da biki. Ya sa aka tara manyan ƙasar a wani babban ɗaki aka cinna wuta, ita kuma aka rataye ta. Babu wanda ya sa wa Obando mari. Ya yi mulki har 1509 ya koma gida da girmansa, domin a zamaninsa zinariya ta riƙa isa Sebil. A takardun naɗinsa ne kuma aka fara ba da izinin kai bayi baƙaƙen fata tsibirin, kafin a 1518 a buɗe ƙofar kwaso su kai tsaye daga gaɓar Afirka don cike gurbin waɗanda ke mutuwa. Masana sun saɓa sosai kan yawan Taino a 1492, daga dubu ɗari da wani abu zuwa sama da miliyan. Ƙidayar da Sifaniyawa suka yi da hannunsu a 1514, domin raba waɗanda suka rage, ta samu kimanin 26,000. Bayan shekara huɗu cutar agana ta shigo tsibirin.